Ga wanda tsoro ya hana barci

Ɗan'uwa, idan fargaba ta kama ka, kada ka bari Shaiɗan ya ƙara maka da cewa imaninka ne ya lalace. Annabi Musa (AS), wanda Allah Ya yi zance da shi, shi da ɗan'uwansa Haruna sun kai kuka cewa suna tsoron Fir'auna ya gaggauta musu azaba. Allah bai tsawata musu ba. A Suratu Ɗaha, aya ta 46, Ya ce: "Kada ku ji tsoro, lalle Ina tare da ku, Ina ji, Ina gani." Fir'auna kuwa yana nan daram a kan karagarsa, ko soja ɗaya bai ragu ba. Haka suka tafi wurinsa da wannan alƙawari.

Amma ni labarin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na mahaifiyar Annabi Musa. Ana yanka jarirai maza, ga nata a hannu. Sai Allah Ya yi mata wahayi, a Suratul Ƙasas aya ta 7: ki shayar da shi, idan kin ji masa tsoro ki jefa shi cikin kogi, kada ki ji tsoro, kada ki yi baƙin ciki, Mu za Mu mayar miki da shi. Uwa ce fa! Wadda ko kuka ɗanta ya yi hankalinta tashi yake, ita aka ce ta miƙa shi ga ruwa.

Ta yi biyayya. To, ko hankalinta ya kwanta nan take? A'a. Aya ta 10 ta ce zuciyarta ta wayi gari fayau, har ta kusa tona asirin, ba don Allah Ya ɗaure mata zuciya ba. Alƙawarin Allah yana hannunta, duk da haka ta girgiza, kuma Shi ne Ya riƙe ta. Don haka wallahi ba na jin daɗin yadda muke gaggawar ce wa mai kuka "ba ka da tawakkali."

Ruwan da ta ji tsoro ya kai yaron gidan Fir'auna. Matar Fir'auna ta ce kada a kashe shi. Ya ƙi nonon kowace mace, har 'yar'uwarsa ta nuna musu gidan da za a rene shi. Aka dawo mata da ɗanta, ta rungume shi, ta shayar da shi ba tare da ɓuya ba.