Tauraro na gani daga sama, wa zai faɗa wa mai shanu a Kara?

Duk wanda ya saba fita daga Legas ta hanyar Ibadan a watan Satumba ko Oktoba ya san yadda kasuwar Kara take komawa idan kogin Ogun ya cika ya batse. Daga kan gada za ka hango rumfuna ruwa ya kai musu wuya, an koro shanu bakin kwalta, masu su na tsaye cirko-cirko da wanduna a naɗe. A taswira kasuwar tana cikin jihar Ogun, amma a bakin ƙofar Legas take, kuma mutanenmu ne cike da ita. Akwai wani dattijo da nake sayen ragon layya a wurinsa. Na taɓa tambayarsa, "Baba, wai ana sanar da ku kuwa kafin ruwan nan ya iso?" Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu ruwan ne yake sanar da mu da kansa. In ka farka ka ji tabarma ta jiƙe, to sanarwa ta iso."

Maganar dattijon nan ce take dawo mini duk lokacin da na ji manya sun taru a Abuja suna cewa za a yi amfani da tauraron ɗan'adam a yaƙi sauyin yanayi. Ruwan da ke cinye Kara da Isheri da unguwannin bayan Mile 12 irin su Agiliti, ba kwatsam yake zuwa ba. Gangarowa yake yi daga sama, daga ruwan da aka tafka a ƙasar Oyo da Ogun, da kuma wanda ake saki daga madatsar Oyan kusa da Abeokuta idan ta cika. Ruwa ne mai hanya, mai lokaci, wanda ake iya bin sawunsa. Akwai waɗanda suka san yana tafe, mai tabarma ne kawai bai sani ba.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa Nijeriya ta daɗe da ido a sama ba. An kafa hukumar kula da sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha, wanda wani kamfanin Ingila ya ƙera, aka kuma sa shi cikin ayarin taurarin da ke sa ido kan bala'o'i a duniya. Da guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005, tauraron namu yana cikin waɗanda suka ɗauko hotunan ɓarnar. A watan Agustan 2011 aka ƙara harba biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun kuwa injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu bayan sun samu horo a Ingila. Hukumar tana da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos, tana da ta auna motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, har nan Epe ma tana da cibiya. NigeriaSat-2 an tsara shi ne ya yi aikin shekara bakwai, ka ga tuni ya wuce wa'adinsa, shi ya sa ake ta maganar sayen sababbi.

Ni ba na adawa da sayen sababbin. Abin da nake cewa shi ne, ko da babu namu ko ɗaya, hoto bai yi mana ƙaranci ba. Tun 1972 Amurkawa suke ɗaukar hoton doron ƙasa da taurarin Landsat, kuma daga 2008 suka buɗe rumbun kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ma haka take yi da taurarinta na Sentinel tun 2014. Ɗalibi a Jami'ar Legas ko ta Bayero, in yana da kwamfuta da data, zai iya sauke hoton unguwarsu na makon jiya ya ajiye kusa da na shekara talatin da suka wuce, bai biya ko sisi ba.

Kuma Bahaushen Legas ya fi kowa dalilin duba waɗannan hotuna, don shi ne wuta ta biyo gaba da baya. Tambayi ɗan ci-ranin da ke tura kurar ruwa a Agege, ko mai faskare, ko mai gadi a Lekki, me ya raba shi da gonar ubansa. Wani zai ce tsaro, wani zai ce ƙasa ta gaji, wani zai ce damina ta daina cika alkawari. Tafkin Chadi, da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980, kuma hotunan tauraro ne suka sa duniya ta ga hakan ƙuru-ƙuru. Su ne kuma daga baya suka nuna cewa tafkin yana cika yana janyewa, ba kullum ƙafewa yake yi ba kamar yadda ake maimaitawa a taruka. Wannan ma amfanin hoto ne, yakan gyara har maganar da muka saba da ita.

To ya baro Arewa ya iso bakin teku, sai ya tarar gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Tun 1993 taurari masu auna tsayin ruwa suka nuna cewa tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 10. Faɗin tafin hannu ke nan, wani zai raina. Sai dai a garin da unguwanni da dama suke kusan kai ɗaya da teku, faɗin tafin hannu shi ne bambancin kwatar da ke zubar da ruwa da wadda ke dawo da shi cikin gida. Ga kuma abin da ido ba ya iya gani: na'urar radar da ke kan wasu taurarin tana auna nutsewar da ƙasa take yi, ko da 'yar kaɗan ce, kuma ta nuna wasu sassan Legas suna nutsewa a hankali. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An cike fadamu da yashi an ɗora benaye, kuma gidaje da yawa sun haƙa rijiyar burtsatse suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda famfon gwamnati bai isa ko'ina ba. Har ɗan ga-ruwan da muka ambata, daga irin wannan rijiyar yake cika jarkokinsa.

Saboda haka gani dai ana gani. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har tana fassara shi zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana lissafo jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa kafin ruwa ya sauka. Duk da haka a 2012 ambaliya ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. A 2022 aka rasa sama da mutum 600. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, sannan a ƙarshen watan Mayun 2025 aka wayi gari da mummunar ambaliya a garin Mokwa na jihar Neja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, washegari hotunan sama sun bazu, ga yadda garin yake kafin ruwa, ga yadda ya koma. Ihu bayan hari ke nan, ko da kuwa da kyamara mai tsada aka yi shi.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma a nan ne igiyar take tsinkewa. Gargaɗin da aka rubuta da Turanci, aka karanta a ɗakin taro mai sanyi, aka ce "ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari tsakanin Yuli da Nuwamba", bai gaya wa mai shanu komai ba. Shi abin da yake so ya ji shi ne: ruwa zai iso ranar Laraba ko Alhamis, zai iya kaiwa gwiwa ko ƙugu, ku kwashe dabbobi zuwa wuri kaza, an tanadi fili. Hanyoyin isar da irin wannan saƙon kuwa muna da su tun kafin a ƙirƙiro roka. Kowace kasuwa tana da shugabanni, kowace unguwar Hausawa tana da sarkinta, daga Agege zuwa Idi-Araba, kowane masallaci yana da lasifika. Saƙon murya na WhatsApp da aka yi da Hausa mai daɗi zai zagaye Kara da Mile 12 da Alaba Rago kafin a idar da sallar La'asar. Mun ga yadda jita-jita take yawo a wayoyin nan cikin minti goma, to me zai hana gaskiya ta hau motar da ƙarya take hawa kullum?

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a majalisa: ƙasar da mudun shinkafa ya gagari talaka, ina ita ina wasa da taurari? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ka je Mile 12 ka tambayi ɗan gwari me ke faruwa da kuɗin kwandon tumatir idan ruwa ya yanke hanya a Neja ko Kogi, motoci suka kwana uku a layi kaya na ruɓewa. Kuɗin da ake kashewa wajen rabon katifa da buhun masara bayan ambaliya, da gyaran gadojin da suka karye, su ma daga aljihun talakan suke fita. Inda nake tare da masu wannan ƙorafin shi ne wajen tsarin kashe kuɗin. Ƙarfen da za a harba sama shi ke da bikin yanke kyalle da hoton jarida. Albashin matashin da zai zauna yana karanta hotunan, da sandar auna ruwa a bakin kogi, da kuɗin kiran waya zuwa ga shugaban kasuwa, ba su da biki, don haka su ake mantawa da su a kasafi. In har za a sayi sabo, a fifita mai radar, domin na'urar hoto ta yau da kullum ba ta ratsa gajimare, Legas kuwa a lulluɓe take da hadari daidai lokacin da aka fi bukatar ganinta.

Akwai kuma masu cewa ruwa na Allah ne, hasashe shisshigi ne cikin gaibu. Ruwa na Allah ne, babu musu. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda ya taɓa ce masa boka. Tauraro tsayawa kawai ya yi a inda ya fi mu hangen nesa. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya san shekarun fari bakwai na tafe, tanadin hatsi ya sa aka yi.

Abin da ya fi damuna daban ne, kuma ba kasafai ake faɗarsa a tarukan ba. Taswirar da ke nuna inda ruwa zai ci, wuƙa ce mai baki biyu, ya danganta da hannun da ta shiga. Legas tana da tarihi a nan. A 1990 gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko, aka kori mutane kimanin 300,000, ana kafa hujja har da cewa wurin kwari ne mai ambaliya, bai dace da zaman ɗan'adam ba. Yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar nan. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi masuntan Otodo Gbame a gefen Lekki, daga baya kotu ta ce korar da aka yi ba tare da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. A ɗaya gefen kuma an cike teku da yashi an gina sabon birnin Eko Atlantic, an kewaye shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, yayin da teku ke ta cin ƙauyukan da ke gabas da shi irin su Okun Alfa, ana ta gardama kan ko katangar tana da hannu. Idan jami'i ne kaɗai ke riƙe da hoton, zai nuna maka rumfar talaka a kan hanyar ruwa, ba zai nuna maka rukunin gidajen da aka dasa a tsakiyar fadama ba, alhali tauraron duka biyun ya ɗauka.

Shi ya sa nake ganin buɗe bayanan ga jama'a ya fi komai muhimmanci. Muna da misali a gida: hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai tana da shafin da ke nuna wutar iskar gas da kamfanonin mai ke ƙonawa a yankin Neja Delta, daga abin da tauraro ke hangowa da dare, kowa na iya shiga ya duba. Me zai hana Legas ta yi irinsa ga fadamu da magudanan ruwa, ta yadda ɗan jarida, da lauya, da ƙungiyar 'yan kasuwa za su ga wanda ya toshe hanyar ruwa da shekarar da ya toshe ta? Mu ma kuma a nan sai mun kalli kanmu. Ledar ruwa da robar abinci da muke watsawa a kwata a kasuwanninmu ba sai an hau sama za a gan su ba, kuma hana amfani da kwanon soso da gwamnatin jihar ta yi a farkon 2024 bai yashe lambatu ko ɗaya da kansa ba.

Yaranmu da aka haifa a Agege da Obalende, masu jin Hausa da Yarabanci da Turanci, waɗanda waya ba ta barin hannunsu, su ne suka fi dacewa da tsayawa tsakanin hoton sama da kunnen kasuwa. Ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa mazauna Legas, da suke iya tara miliyoyi don bikin naɗin sarauta, ba za su gaza ɗaukar nauyin mutum biyu ko uku su koyi wannan aikin ba. Na faɗa wa dattijon nan na Kara haka da muka sake haɗuwa. Ya saurare ni har na gama, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To Malam, in sun koya, ka ba su lambata. Amma ka ce su kira da rana, kafin a ɗaure shanu."