Ranar da Kifi Ta Shige Mini Riga

Jama'a, jiya na ga ta kaina a Jamus. Kun dai san aikin namu: sunadaran da ke jikin fatar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa muke bi, ƙofofin nan da ke buɗewa kalsiyam ya shige, kuma a kifin zebra muke dubawa saboda ɗansa garau yake, har ƙwaƙwalwar kana hangowa a madubin bincike. Tun yamma na raba mace da namiji da ɗan shinge. Da safe fitila na kamawa na zare shingen suka zuba ƙwai. Daga nan kamar minti 40 ne gare ka ka yi wa ƙwan allura kafin ƙwayar ta rabu biyu.

Ina cikin saurin nan na sa raga zan mayar da uwar tankinta. Baiwar Allah ta daka tsalle, ba ta zame ko'ina ba sai wuyan rigata. Abin da bai fi santimita 4 ba! Daidai lokacin Farfesa ta turo ƙofa da baƙi.

Ban san sanda na ce "Wayyo Inna!" ba, da Hausa zalla. Ga kwanon ƙwai a hannu ɗaya ba halin saki, ga kifi tana wutsil-wutsil a gadon bayana, ta gangaro haƙarƙari, ta nufi cibiya. Na karkace, na duƙa, na miƙe, kamar mai rawar koroso. Wani baƙo har ya matsa ya ba ni fili. Farfesa kuwa ba ta fasa bayani ba, tana ta gaya musu wai kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin halittar gado na mutum suna da takwara a kifin nan, idonta a silin.

Sai ga mutumin naku, mai kula da ɗakin kifi. Mutumin da sai ya gaishe da tankuna kafin ya dube ni. Ruwansu in ya sauka daga digiri 28 ko kaɗan hankalinsa ya tashi, amma ofishinmu hita ta mutu tun farkon sanyi, bai taɓa cewa sannu ba. Shi ne ya taɓa manna mini takarda a tebur wai na bar raga a jiƙe. Raga fa! Ta kifi!

Ya daka mini tsawa kada in motsa, ya zaro rigata daga wando a gaban kowa, kifin ta faɗo tafin hannunsa. Ya tsoma ta a ruwa yana lallashinta ƙasa-ƙasa. Ni ko kallo. Can ya dawo da fom, wai in rubuta sakan nawa ta yi a waje. Da me zan ƙirga?

Ƙwan kuma kafin in zauna sun rabu huɗu. Sai Alhamis. Kawu ma ya bugo da dare, wai tunda kiwon kifi nake karanta, nawa ake sayar da 'ya'yan tarwaɗa a nan.