Goliyat a Kan Turmi

Masu kirana kuna tambayar abin da ya sami goshina, ku adana katinku. Ba faɗuwar babur ba ce, ba kuma zuma ce ta harbe ni ba, kamar yadda matata ta gaya wa danginta don rufin asiri. Goruba ce. Wanda ya jefo ta kuma bai cika shekara goma ba.

Kun san ƙauyen da aka turo ni aikin bishara, kun san majami'armu: ginin ƙasa, rabin rufi kwano rabi ciyawa, ƙararrawa kuma ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a darbejiya. A takarda ni mai wa'azi ne, amma aikin gaske na yara ne. Da safe abacada a gindin bishiya, ranar Lahadi Sande Sukul. Da rani su cika wuri har a rasa tabarma, damina na faɗuwa su ɓace, wannan yana kiwo wancan yana noma, in gero ya fara ido kuma duk suna gona korar jan baki. Alawus yana zuwa ranar da ya ga dama. Abin da ke riƙe da mu baikon ikilisiya ne: damin dawa, ƙwan zabi, wani lokaci kaza mai tari.

To sai aka ce Rabaran na gunduma zai zo mana bikin godiyar kaka. Na ce lallai ya ga yarana ba zaman banza suke ba, za mu yi wasan Dawuda da Goliyat. Dawuda bai yi wuyar samu ba. Goliyat ne kowa ya ƙi. Shugaban mawaƙa, wanda Allah ya ba tsawo da murya, ya ce shi ba zai zagi rundunar Allah a gaban surukansa ba, ko da wasa. Sai ya rage ni.

Littafin Sama'ila na fari, sura 17, ya ce tsawon mutumin kamu shida ne da taƙi, wato kusan mita uku. Ni kuwa waɗanda muka yi makarantar Littafi Mai Tsarki tare kun san layin da ake ajiye ni in za a ɗauki hoto. Don haka aka kife turmi na hau, aka zura mini babbar rigar aurena, aka ɗaura zane daga ƙugu har ƙasa ya rufe turmin. Mashi taɓarya. Mai ɗaukar garkuwa yaro ne da faifai. Kwalkwali kuma tukunyar alminiyom ta Mama Shugabar Zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, wadda ta ba ni aro da hannunta, a gaban shaidu, ku riƙe wannan don zai dawo.

Dawuda shi ne ɗan gwauruwar nan ta bayan famfo, mai majina, wanda in ka tambaye shi sunansa sai ya kalli ƙafarsa. Na zaɓe shi ne don ya fi kowa ƙanƙanta da sanyin hali. Duk ikilisiyar nan, daga dattawa har masu shara, ba wanda ya ja ni gefe ya ce Malam, yaron nan fa hayarsa ake yi. Ashe manoma har rige-rige suke a kansa lokacin tsuntsu, ana biyan uwarsa da mudun gero, don majajjawarsa ba ta kuskure. Kowa ya sani. Suka yi shiru suna kallona ina koya masa yadda ake riƙe igiya.

A gwaji soson tsohuwar katifa na yanka na naɗe da tsumma, na ce wannan ne dutse. Na kafa doka da babbar murya: kada in ga dutse a wurin nan. In ya wulwula ya saki, soson sai ya faɗi nan gabansa, yara su fashe da dariya. Na ga ransa yana ɓaci, na ɗauka kunya ce.

Kafin in kai ku ranar, dole in yi maganar Baba Dattijo, don shi ne ainihin ciwon, goshi ya riga ya sace. Tun ranar da na sauke kaya a garin nan mutumin nan bai taɓa kirana Malam ba. Yaro. "Yaro, a zamanin Turawan mishan ba haka ake yi ba." In na daɗe ina wa'azi, Turawa ba sa daɗewa. In na gajarta, Turawa ba sa rowar Maganar Allah. Har cewa yake shi ya ɗaukar wa Bingham, ɗaya daga cikin Turawan mishan ɗin, akwati. Bingham ɗin da ya sauka Legas a 1893 tare da Gowans da Kent, abokan nasa biyu suka rasu a 1894, shi kuma ya rasu a 1942, lokacin Baba ko cikinsa ba a yi ba. Ranar da na faɗi haka a zaman kwamiti, da ladabi, sai ya ce to ƙanensa ne. Abin da yake gaskiya a labarinsa shi ne ya taso a Babbar Ruga ta Katsina, inda mishan ke jinyar kutare, mahaifinsa na cikin masu karɓar magani. A wancan zamani gwamnatin Turawa ba ta barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suka so a ƙasashen sarakuna, aikin kuturta ne ya buɗe musu ƙofa, kuma a irin wuraren nan mutane da yawa suka koyi karatu. Can Baba ya koya, da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, wadda har yau yake yawo da ita a leda an ɗaure da roba. Idonsa ba ya ganin rubutun yanzu, amma ba ya buƙata, ya haddace. Yana barci a kan benci tun daga waƙar farko, amma ka kuskure kalma ɗaya a aya ka ga ido ya buɗe.

Da ya ji shirin wasan cewa ya yi, Baturiyar da ta koya musu hotuna take mannawa a jikin ƙyalle, ba ta taɓa hawa turmi ba. Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau turmi ba zai hango ba. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar biki majami'a ta cika har taga. Dammunan dawa jingine a bango, awaki biyu na baiko ɗaure a ƙofa, matan Zumunta sun sha anko sun jera tulunansu na kiɗa. Rabaran yana gaba a kujerar roba mai hannu, wadda muka aro daga gidan mai unguwa. Aka ɗora ni a turmi tun kafin a buɗe labule, labulen ma zanin gadonmu ne. Tukunyar ta yi mini yawa, tana rufe mini ido, sai na tura ta baya ta zauna a ƙeya. Goshi ya fito fili, yana ƙyalli da zufa.

Gaskiya na yi kyau. Wannan ko maƙiyi ya shaida. Da aka ja zanin sai da yara ƙanana suka ruga bayan iyayensu. Na buga taɓarya a ƙasa, na kumbura murya, na ce ku fito mini da namiji guda in akwai namiji a Isra'ila! Rundunar Saul, sarkin Isra'ila, suka yi rawar jiki yadda na koya musu, har wani ya wuce gona da iri ya shige ƙarƙashin benci. Na ga Rabaran yana gyaɗa kai. A raina na ce yau maganar kwanon rufin nan ta ƙare, da bakinsa zai ce a kawo.

Sai ga Dawuda ya fito, da 'yar jakarsa ta buhun siminti. Na dube shi daga sama na yi dariyar mugunta, na ce ni kare ne da za ka zo mini da sanda? Zo nan in ba tsuntsaye namanka! Daɗin muryata ya kwashe ni, na ƙara abin da ba ya cikin takarda. Na ce dubi majinarsa. Jama'a suka kwashe da dariya.

Yaron ya ɗago ya kalle ni. Tunda na san shi ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar. Ya faɗi ayarsa tsaf, ba gargada, cewa shi da sunan Ubangiji Mai Runduna ya zo. Ya sa hannu a jaka. Ya ja baya taku uku, abin da ba mu taɓa yi a gwaji ba. Ya gyara tsayuwa, ya karkace kafaɗa. Da ya fara wulwulawa sai na ji igiyar tana wani kuka, fuu, fuu, fuu, kukan da soso bai taɓa sa ta yi ba. Na ga mutanen layin gaba suna sunkuyawa. Na ga mai garkuwata, wanda aikinsa kenan a duniya ya tsaya a gabana, ya ajiye faifai ya koma gefe. Ina da lokacin sauka, amma ina zan sauka? An ɗaure ni da turmi cikin zane ɗaya kamar ƙunshin goro.

Ƙarar na fara ji kafin zafin. Tau! Sai wuta ta gilma, sai na ga rufin majami'a yana tafiya gaba ni ina tafiya baya. Turmi ya gangara ya nufi mawaƙa. Ƙafafuna suka yi sama, zane ya yi nasa wuri, duk gunduma ta ga gajeren wandon ƙwallon da na sa a ciki saboda zafi. Tukunya ta bugi daɓe ta yi ƙara ta tafi tana juyi har gaban Rabaran, ta ɗan yi rawa a nan, ta kwanta.

Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Shi kenan, matan Zumunta suka hau dukan tuluna suna Saul ya kashe dubbai, Dawuda dubun dubbai, mutane suna tafi suna cewa kai, Malam ya iya faɗuwa! Ina kwance ina jin wani yana rantsuwa wai ko a talabijin bai ga wanda ya mutu da kyau haka ba. Matata kaɗai ta gane ba wasa ba ne, ita ma dariya ta hana ta tasowa.

Ana cikin haka sai na ji sanda tana buga benci. Baba Dattijo ya miƙe. Aka yi shiru don a ji dattijo. Na ɗauka zai ce a kawo ruwa.

"Ba haka aka rubuta ba," in ji shi. "Littafi ya ce rubda ciki ya faɗi, da fuskarsa a ƙasa. Wannan rigingine ya faɗi. A tashe shi a sake."

Wallahi akwai waɗanda suka ce gaskiya ne Baba. Har wani ya tafi ɗauko turmi. Na juya ido wajen Rabaran neman ceto, na tarar ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya ya ce mini addu'a yake yi mini. Dawuda kuwa bai manta sauran aikinsa ba, ya zo ya taka mini ƙirji ya zare takobin katako daga ƙuguna zai sare kai. Da na ce masa a hankali kai, ɗaga ni, sai ya ce, "Malam, ka mutu, ba ka magana." Rundunar Isra'ila kuma suka bi Filistiyawa, mutanen Goliyat, da gudu har waje, inda abin ya zama dambe na gaske, don ashe na raba su ne daidai yadda suke rabuwa a filin ƙwallo.

Da yamma, goshi ya yi ƙulu an shafa man zafi, na sa aka kira mini yaron. Na ce ban ce kada in ga dutse ba? Ya kalli ƙafarsa ya ce, "Ba dutse ba ne, Malam. Goruba ce." Ya buɗe jakar ya nuna mini sauran huɗu, wai ai biyar Dawuda ya ɗauka. Baba, wanda ba wanda ya gayyato shi, yana zaune a dakalina ya ce yaron ya fi malaminsa bin Littafi.

Maganar kwano Rabaran bai ta da ita ba. Ya dai ce a rahotonsa zai rubuta cewa aikin yara yana da rai a nan. Yaran kuwa sun ƙaru, har daga ƙauyen gaba suke zuwa, suna leƙe ta taga suna tambaya wane ne Goliyat ɗin. Makon jiya suka aiko wakili wai bayan Kirsimeti suna so a yi wasan Istifanas, wanda aka jajjefe, kuma sun riga sun zaɓi wanda zai fito a Istifanas. Na ce bana haddar ayoyi za a yi.

Saura tukunya. Mama Shugaba ta kawo ta zaman kwamiti a cikin buhu, ta ɗora a tebur, ta nuna inda ta loɓa. Ta ce ita aron kwalkwali ta bayar, ba ta ba da aron abin buga ƙasa ba, kuma tun ranar tuwonta kamawa yake ta gefe ɗaya. Na ce a cire daga asusun yara, ma'aji ya ce asusun yara alli ne kwali biyu. Baba ya ce a zamanin Turawa wanda ya ara shi yake biya. An ɗaga maganar zuwa zama na gaba. In akwai mai shigowa daga birni kafin nan, babba ce, mai hannu biyu, murfin yana nan lafiya ba sai an haɗo da shi ba.