Dusa Dai Dusa Ce

Laifin ɗan wana ne, wanda yake karatu a Maroko. Da ya bar ni da hunturuna, da yanzu ina zama a kan benci kamar kowa, ba a karkace ba.

Wata safiya ce a watan Janairu, hazo ya rufe ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, ko kukar bakin kasuwa ba a hangowa. Muna teburin mai shayi, kowa ya naɗe kai, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Na aika wa yaron saƙon murya a WhatsApp cewa bana sanyi ya kusa gamawa da mu. Ina jiran a yi mini sannu, sai ga bidiyo. Ga shi tsaye a kan tsauni fari fat, ya toshe ido da tabarau kamar mai walda, tururi na fita daga bakinsa.

"Baffa, nan Ukaimeden ne, a tsaunukan Atlas, wajen kilomita 75 daga Marrakesh. Yau ƙasa da sifili muke."

Mai shayi ya ajiye buta. "Ƙasa da sifili kuma? Mu a firamare sifili ne ƙarshe, daga shi sai bulala."

Yaron bai tsaya nan ba. Wai garin kansa ya kai mita 2,600 sama da teku, kuma akwai kujeru rataye a waya da ke ɗaukar mutum har sama da mita 3,200, duk mita 1,000 da ka hau ma'aunin zafi ya sauka da digiri 6 da 'yan kai. Wai a garin Ifran na ƙasar, a 1935, an taɓa auna digiri 23.9 ƙasa da sifili. Kullum da safe kafin a fara sulu, wato gangarowa daga tsauni a tsaye a kan katako biyu da sanduna a hannu, sai an duba rahoto: santimita nawa dusar ƙanƙara ta taru, sabuwa ce mai laushi kamar garin tuwo ko ta kwana ta sandare kamar daɓe, iska kuma yaya take, don in ta yi ƙarfi tsayar da kujerun ake yi. Gangaren ma launi-launi ne. Kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi, wanda ni a fahimtata na waɗanda suka riga suka bar wasiyya ne. Wata shekarar fari ya hana dusar zuba, mutane su je su tarar da duwatsu tsirara.

Duk wannan ban tanka ba. Abin da ya kai ni ya baro shi ne da ya ce wasu a kan jaki ko alfadari ake hawa da su tudun. Da na ji jaki sai na ce ashe sana'ar gida ce.

"Mu da sunan jiharmu ma daga tudun yashi aka samo shi," in ji ni. "Ga jigawa can bayan gari. Ni nan zan gangaro ta a tsaye."

Mai shayi ya ce in na iso ƙasa a tsaye, shayi mai kauri da biredi na sati guda a kansa. Shaidu bakwai suka ji.

Kafinta ya yanka mini katako biyu dogaye, ya kafe tsofaffin silifas ɗina a kai da ƙusa. Da na faɗa masa aikin da za su yi, ya dube ni ya ce, "Malam, ka biya yanzu." Na ari sanduna biyu wurin wani makiyayi.

Ranar Asabar na fito na duba rahotona da kaina: hazo na nan, iska daga gabas, yashi ya taru yadda ya saba tun zamanin kakanni. Jaki ya kai ni sama. Yaran gari kuwa ban san wanda ya yi musu shela ba, har da masu tallar gyaɗa.

Na zura ƙafa, na rusuna yadda na gani a bidiyo, na ce bismillah, na tunkuɗa sanduna. Shiru. Na sake. Katako ya nutse har idon sawu. Sai na tuna yaron ya ce ƙanƙara takan ɗan narke a ƙarƙashin katakon, wannan ruwan ne santsin, kuma kaki suke shafawa. Kaki babu, na sa aka kawo man gyaɗa. Na shafa, na ɗora a yashi, katako ya koma kamar tsiren da aka birkiɗa cikin ƙuli.

Nan ne shaiɗan ya raɗa mini dabara. Dusar ƙanƙara ake cewa, to ai rabin sunan yana ɗakina. Na aiki yaro ya ɗauko buhun dusar da uwargida ta saya don ragon da take kiwo, ba tare da ta sani ba. Muka shimfiɗa tsofaffin buhunan taki a ɓangaren da ya fi gangare, muka barbaɗa dusa a kai. Wallahi daga sama sai ka rantse Atlas ne, in ka kanne ido ɗaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne ragon ya biyo buhunsa, awakin unguwa kuma sun biyo rago.

Ina rusune ina gyara tsayuwa, na ji yara sun yi ihu. Kafin in waiga, abu ya same ni a baya, gam! To, ranar na san sulu gaskiya ne. Iska ta cire hulata. Katakon dama ya nufi Gumel, na hagu ya nufi Maigatari, ni da wandona muna tsakiya, wandon ne ya fara sallamawa. Akuya ta gifta, na bi ta kanta. Daga nan ban ƙara sanin sama da ƙasa ba, sai birgima da salati, har na isa gindin tudu, inda ƙarangiya ta bushe tana jiran baƙo.

Da yamma ina kwance rub da ciki a kan tabarma, uwargida na cire mini ƙarangiya ɗaya-ɗaya, kowace ta cire sai ta tuna mini kuɗin buhu.

"Malam, da girmanka da furfurarka? A hankali nake yi, ka daina ihu, maƙwabta na ji."

Mai shayi ya zo dubiya ya yanke hukunci: na iso ƙasa, amma ba a tsaye ba, don haka kofi ɗaya, ba madara. Wani ɗan albarka kuma ashe ya ɗauki abin a waya, kafin isha'i ya isa Maroko. Yaron ya kira, dariya ta hana shi gaisuwa.

"Baffa, ai baƙin gangare ka fara da shi! Gobe yaya rahoto?"

Na ce masa dusa ta ƙare, awaki sun cinye har da buhu ɗaya, an rufe tudu sai abin da hali ya yi.