Shingen gona daban, shingen burtali daban: rigimar mallakar fasahar waya

Makon jiya na kai wayata gyara PZ a Zariya. Tun da aka canza mata sikirin, da zarar na kara ta a kunne sai kumatuna ya shiga danne-danne, wani lokaci ya katse kira, wani lokaci ya buɗe sifika a tsakiyar jama'a. Yaron da ke gyaran ya ɓalle ta, ya ɗauki hantsaki ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai wuce ƙwayar dawa ba, can sama kusa da inda murya ke fitowa. Ya ce, "Malam, ai sansa ce gam ya rufe mata ido. Ita ke gane ka kai waya kunne, sai ta kashe hasken." Ya kankare gam ɗin, ya mayar da komai, ya danna kira, ya ɗora tafin hannunsa a kai. Nan take fuskar wayar ta yi duhu.

Irin waɗannan 'yan ƙananan na'urori na ji da gani suna da yawa a cikin wayar da ke aljihunka. Akwai mai jin motsi, wadda ke juya hoto idan ka kwantar da waya, ita ce kuma ke ƙirga takun masu motsa jiki. Akwai mai jin maganaɗisun ƙasa, wadda manhajar alƙibla ke dogaro da ita idan salla ta riske ka a garin da ba ka sani ba. Akwai mai auna hasken ɗaki, akwai mai karanta zanen yatsa, shi kansa gilashin da muke shafawa na'urar jin taɓawa ce. Ranar 9 ga Janairun 2007, da Steve Jobs ya fito da iPhone ta farko, ya ambaci uku daga cikinsu da bakinsa, ya kuma yi alfaharin cewa kamfanin Apple ya nemi rajistar mallakar ƙirƙira sama da 200 a kan wayar. Abin da ya biyo baya shekaru ne na shari'a.

A watan Afrilun 2011 Apple ya maka Samsung a kotu a jihar Kalifoniya. Cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kansu har da yadda shafi ke ɗan dawowa da baya idan ka ja shi ya kai ƙarshe, da yadda waya ke bambance jan yatsa ɗaya da buɗa yatsu biyu. A 2012 masu taya alƙali hukunci suka ce Samsung ya biya fiye da dala biliyan 1. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka a 2016, aka sake lissafi a 2018 ya koma dala miliyan 539, sannan kamfanonin biyu suka sasanta a wannan shekarar. Shekara bakwai ke nan. A shekarar da aka fara wannan shari'a, gungun kamfanoni da suka haɗa da Apple da Microsoft sun sayi takardun mallakar kamfanin Nortel da ya durƙushe a kan dala biliyan 4.5, Google kuma ya sanar da sayen Motorola a kan biliyan 12.5, kuma kowa ya san tarin takardun kamfanin na cikin abin da ya ja shi. Takardar da aka ƙirƙiro don kare mai basira ta koma kibiyar da ake tarawa a kwari.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke tsarin gaba ɗaya, kuma dalilina daga gida yake. Mu mun san abin da ɓoye ilmi ya jawo mana. Masu maganin gargajiya nawa ne suka tafi kabari da haɗin da ya warkar da mutane, saboda ba su da wata kariya sai yin shiru? Marina da dukawa da maɗinkan birni kowa na da sirrin da ba ya faɗa wa ko almajirinsa sai ya ga ƙarfinsa ya ƙare, wani ma ajali ya riga shi. Rajistar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum da al'umma: ka rubuta yadda ka yi abin dalla-dalla, kowa ya karanta, mu kuma mu hana a kwaikwaye ka don kasuwanci har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. Wannan ciniki ne mai adalci, muddin abin da ka kawo sabo ne, kuma ka faɗi yadda ake yin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urorin ji sun sa yana da sauƙi mutum ya yi wa buri rajista maimakon hanya. Wanda ya gano yadda za a ƙera na'urar jin kusanci da ba ta ruɗewa da hasken rana, ya yi noma, yana da haƙƙin ya kewaye gonarsa. Amma wanda ya rubuta cewa "na'ura ta ji motsi, kwamfuta ta duba, idan motsin ya wuce kima ta sanar", bai nome komai ba. Burtali ya tarar, hanyar da kowa zai bi, ya kafa mata shinge yana jiran wanda zai biya kuɗin wucewa.

Akwai shari'o'i biyu da ke nuna wannan bambanci. Wani kamfani a jihar Tekzas mai suna iLife yana da takarda a kan amfani da na'urar jin motsi don gane faɗuwar mutum, kamar tsoho idan ya yanke jiki. Ya kai ƙarar Nintendo, kamfanin wasannin bidiyo, saboda abin riƙewa na wasan Wii yana amfani da irin wannan na'ura, irin dai wadda ke cikin wayoyinmu. A 2017 aka yanke masa kusan dala miliyan 10. A farkon 2020 alƙali ya soke hukuncin, bisa hujjar cewa abin da takardar ta ƙunsa bai wuce tattara bayani da nazarinsa da aika shi ba, wato tunani ne kawai da ba a mallakarsa. Na yarda da wannan alƙali. Sai dai a lura, an ɗauki shekaru ana biyan lauyoyi kafin a kai nan. Nintendo na da aljihun jure hakan. Ƙaramin kamfani da tuni ya rufe shago.

Ta biyun ita ce ta Masimo da Apple, kuma a nan zuciyata ta fi karkata ga mai ƙara. Na'urar auna iskar oksijin a jini, wadda ake maƙala wa maras lafiya a yatsa, wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano tushenta tun shekarun 1970. Kamfanin Masimo ya shafe shekaru yana aiki a kan matsala takamaimiya: yadda za a samu awo na gaskiya ko da maras lafiya yana motsi ko jini ba ya gudu sosai a yatsa. A 2020 Apple ya sa awon oksijin a agogonsa. A Oktoban 2023 hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka ta ce an keta haƙƙin Masimo, ta hana shigo da agogunan. Daga Janairun 2024 Apple ya riƙa sayar da su a Amurka da wannan aiki a kashe, sai a Agustan 2025 ya dawo da shi ta wata hanya, inda wayar iPhone ke yin lissafin maimakon agogon. Kamfanin da ya fi kusan kowa kuɗi a duniya ya tsaya cak saboda takardar wani da bai kai shi ba. Ba don takardar ba, da kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To mene ne namu a ciki, mu da ba mu ƙera waya? Na farko, kuɗin waɗannan rigingimu da na lasisi suna shiga farashi, kuma mu ne masu saye. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel da suka cika shagunan PZ, ya daɗe yana cin kasuwarsa a ƙasashen da manyan masu takardu ba su damu da yin rajista ba, domin takardar mallaka ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi mata rajista. Da ya girma idanu suka dawo kansa. A 2024 Qualcomm, ɗaya daga cikin manyan masu takardun, ya kai shi kotu a Indiya. Kasuwar Nijeriya ta yi girman da ba za a ci gaba da kau da kai daga gare ta ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ruwan kuwa ba mu tanada ba. Dokar da muke aiki da ita ta 1970 ce, an rubuta ta kafin a san wayar hannu. A ƙarƙashinta ofishin rajista da ke Abuja yana duba cikar takardu ne kawai. Ba ya binciken ko abin sabo ne, ko kuwa an daɗe da saninsa a wani wuri. Dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Ma'ana, mai shingen burtali da mai shingen gona takarda iri ɗaya za su fito da ita, sai an je Babbar Kotun Tarayya ne za a tantance. A Amurka, inda ake da dubban masu bincike kafin a ba da takarda, irin ta iLife ta sulale ta wuce. Ina ga inda ba a bincike ko kaɗan? Wanda ya taɓa bin shari'a a ƙasar nan ya san abin da "sai an je kotu" ke nufi ga matashin da jarinsa bai wuce kwamfuta ɗaya ba.

Za a ce ɗaukar ƙwararrun masu bincike yana da tsada, kuma gaskiya ne. Amma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwar rajistar ƙirƙira ta duniya tun 2005, kuma a ƙarƙashinta ana fitar da rahoton bincike a kan duk buƙatar da ta bi ta wannan hanya. Ba abin da zai hana doka ta ce a dogara da irin wannan rahoto kafin a buga hatimi. Sauran kuma a raba wa malaman jami'o'i su duba, a biya su. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru kaɗai akwai injiniyoyin lantarki da na kwamfuta da za su iya gane tsohon abu da aka sake wa suna, a harabarta ta Kongo kuma ga malaman shari'a.

Ɗaya ɓangaren ya fi ci mini rai, saboda laifin namu ne. Duk shekara ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suna haɗa ayyukan kammala karatu da irin waɗannan na'urori: mai jin danshin ƙasa ta kunna famfon ban ruwa, mai jin ƙaurin gas ta aika saƙo waya, sandar makaho mai jin abin da ke gaba. Yawancinsu maimaici ne, ba laifi, haka koyo yake. Amma jefi-jefi akan samu wanda ya warware wata matsala ta hanyar da ba a taɓa bi ba. Abin da ya fara yi shi ne ɗaukar bidiyo ya sa a Facebook, a yi ta sa masa albarka. Bai san cewa a dokarmu abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo ba, in ban da ɗan sassaucin wata shida ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Bai san wanda ya riga kai takarda shi doka ke ba fifiko ba. Bai san akwai hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu bincike shigar da buƙata ba. Bai kuma san cewa miliyoyin takardun da wa'adinsu ya ƙare, da waɗanda ba a taɓa yi wa rajista a Nijeriya ba, suna nan kyauta a intanet, da zane da bayani, halal ne ya karanta ya gina a kansu don kasuwar gida. Wannan darasi ne na mako biyu da ya kamata a koya wa kowane ɗan ajin ƙarshe kafin a ba shi taken aikinsa.

Kuma akwai gonar da ba a nome ba, tana gabanmu. A Disamban 2020 masu bincike daga Jami'ar Mishigan suka wallafa cewa na'urar awon oksijin ta yatsa takan kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata. Na'urar da haske take aiki, launin fata kuwa yana shafar haske. Irin wannan matsala ce Tecno ya lura da ita a kyamara, ya gyara yadda take ɗaukar fuskokinmu, ya ci kasuwar nahiya da ita. Duk wanda ya gano hanyar da awon jini zai yi daidai a fatarmu ya yi ƙirƙira ta gaske, wadda ta cancanci shinge na shekara 20. Marasa lafiyar da za a gwada a kansu, da likitocin da suka san ciwon, suna asibitin koyarwa na Shika. Masu haɗa na'urar suna Samaru, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota.