Tanar da ta fi masarata gata

A garinmu Mai Wurno, a bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, dawa ce abincin kowa, masara kuwa ɗan fegi ake yi mata don gashi. Da kuɗin buhun takin zamani na yuriya ya fi ƙarfin aljihuna, sai ɗan ƙanena da ya karanta aikin gona a Wad Madani ya kawo mini jajayen tana cike da bokiti, ya ce, "Baffa, ka riƙa ba su tsohon kashin shanu da ɓawon kayan miya, abin da suka kasayar taki ne da babu kamarsa."

Abin da yaron bai nanata ba shi ne cewa wannan tana mutuwa take yi idan zafi ya haura digiri 35, mu kuwa a watan Mayu digiri 40 ma sauƙi muke kiransa. Saboda haka na ajiye akwatinta a gindin randa, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafa ruwa safe da yamma, har uwargida ta ce, "Malam, ko lokacin da nake jego ban ga irin wannan hidima ba." Wani dare da iska ta ɗauke na shigar da akwatin ɗaki, da asuba kuwa surukata, wadda ta zo mana ziyara, ta zura ƙafa a takalminta ta tarar da baƙi sun riga ta. Salatin da ta yi sai da ya tashi maƙwabta.

Lissafin kansa abin tausayi ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa shuka ta yi kore ta girma, takin tana kuwa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari yake da shi, wato sai an tara fiye da tan guda kafin a kamo buhu ɗaya, ga masara da haɗama. Abin da na samu bayan watanni bai cika daro ba.

Gaskiya kunyoyin da na zuba wa sun yi laushi, suna kuma riƙe danshi, abin da baƙar ƙasarmu mai tsagewa take bukata ƙwarai. Sauran fegin kuwa ganyen masarar na ƙasa-ƙasa ya yi ɗorawa, yayin da masarar maƙwabcina mai yuriya ta yi kore shar har ta fi shi tsawo. Ina can ina ranto mudun yuriya a wurinsa, wani yaro ya bar murfin akwatin a buɗe, kajin uwargida suka yi walima. Ita dai ta ce ƙwan makon nan ya fi na kullum girma, ta kuma tambaye ni ko ɗan ƙanen nawa yana da sauran bokiti.