Dala muka je gani ko kantin turare?

Wallahi na gaji da tafiyar ayarin yawon buɗe ido! Mutum ya yi shekara yana tara kuɗi don ya ga dalar Giza a ƙasar Masar, ginin Fir'auna Khufu da ya yi shekara 4,500 a tsaye, duwatsu fiye da miliyan 2 ɗaya kan ɗaya, sai ɗan jagora ya ɗaga 'yar tutarsa ya ce minti ashirin, kowa ya koma mota. Minti ashirin? Ko wuyana bai gama ɗagawa ba! Amma a kantin turare awa biyu cur muka yi, ana shafa mana kwalba bayan kwalba har hancina ya daina aiki. Turare ne babu a kasuwar Kurmi? Sannan wai za mu gana da mutanen gari. A ƙauyen Nubiyawa kusa da Aswan wata dattijuwa ta miƙo mini zoɓo mai sanyi, irin namu sak, ina so in tambaye ta yadda take haɗa shi, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba aka busa usur. Washegari aka tashe mu tun kafin asuba, tafiyar kusan kilomita 280 zuwa Abu Simbel, ginin Fir'auna Ramsis na biyu da aka yayyanka aka ɗaga sama daga 1964 zuwa 1968 don kada ruwa ya cinye shi, kuma rabin lokacinmu ya tafi wajen jiran wani alhaji da ke ɗaukar kansa hoto na ɗari!